Babur Ɗina Ya Ƙi Shan Kwana, Ashe Iskar Taya Ce

Shekara shida ke nan ina hawan babur kusan kowace ranar aiki tsakanin Samaru, inda nake zaune, da wani ƙauye da ke gaba da Shika a kan hanyar Funtuwa, inda nake koyarwa. A tsawon wannan lokaci na ɗauki kaina mutum mai kula da abin hawansa, domin ban taɓa barin lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba, ina ɗaure kaca idan ta saki, kuma ina sauya fulogi tun kafin ya fara wahalar da ni wajen tayarwa da safe. Abin da ban taɓa sa wa ido ba shi ne iskar da ke cikin tayoyi. Iyakar ƙoƙarina shi ne in danna taya da babban yatsa, ko in ɗan shure ta da gefen takalmi, idan na ji tauri in hau in tafi, idan kuma na ji ta yi laushi in tsaya wajen mai faci in ce ya ƙara mini iska. Ban taɓa faɗa masa adadin da zai sa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.

A hunturun bara ne babur ɗin ya fara wani hali da ban san shi da shi ba. Kansa ya yi nauyi, har ya zama idan na zo shan kwana sai na sa ƙarfin kafaɗa kafin ya yarda ya kwanta, idan kuma ya kwanta sai in ji kan yana neman ya ƙwace daga hannuna ya karkata ciki fiye da yadda nake so. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa bayan ne ke damuna, domin duk ɗan tudun da na taka sai ya yi tsalle, in ji bugun har cikin ƙashin bayana, idan kuma na taka birkin baya a inda yashi ya bazu a kan kwalta sai tayar ta ja gefe. Wata Asabar na shiga Sabon Gari sayayya, a wani shataletale na kusa hawa kan wani mai baro, ba don ina gudu ba, sai don babur ɗin bai bi layin da na nufa da shi ba. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa boris ɗin wuyan babur ne ya ci, wataƙila kuma shakazoba ta baya ta mutu, na ware kuɗin gyara na nufi wajen wani dattijon bakanike da abokan aikina ke yabawa.

Ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba. Ya kama kan babur ɗin ya juya shi dama da hagu, ya ɗaga gaban ya girgiza, sannan ya shiga shagonsa ya fito da wani ɗan ƙaramin geji mai kama da alƙalami.

"Malam, yaushe rabonka da auna iskar nan?"

Na ce, "Baba, ai ko shekaranjiya an ƙara mini."

Ya ce, "Ban ce ƙarawa ba, aunawa na ce."

Ya sa ni na zauna a kan benci muka yi hira har tayoyin suka huce, sannan ya ɗora gejin a bawul. Tayar gaba ta nuna 15, ta baya kuma 44. Ya ɗauki tsumma ya goge wani wuri kusa da murfin kaca, inda ƙura da baƙin mai suka yi shekaru suna taruwa, sai ga wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfe, wadda kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya rubuta adadin iskar da ya dace: 25 a gaba, 28 a baya idan mutum shi kaɗai ne, 32 a baya idan da goyo. Wato shekara shida amsar tana kusa da dugadugina ban taɓa karanta ta ba. Ya ƙara wa ta gaba, ya rage wa ta baya, ya ce in zaga in dawo. Ban kai ƙarshen layin ba na gane cewa babu abin da ya sami boris, babu abin da ya sami shakazoba. Kan ya dawo da sauƙinsa na da, wanda na manta da shi saboda a hankali ya ɓace mini.

Tun daga ranar nake ta tunanin dalilin da ya sa ɗan wannan bambanci yake sauya halin babur gaba ɗaya, alhali mai mota zai iya yin mako da ƙarancin iska a taya ɗaya bai ma lura ba. Abu na farko da na fahimta shi ne cewa roba ba ita ke ɗauke da nauyi ba, iskar da aka matse a cikinta ce ke ɗauke da shi. Wannan ita ce dabarar da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya yi amfani da ita a 1888 lokacin da ya sa wa keken ɗansa taya mai iska, kuma har yau a kanta ake. Lissafin ba shi da wuya. Babur irin nawa, wato Boxer na kamfanin Bajaj, yana da nauyin kilo ɗari da 'yan kai, idan aka haɗa da ni za a sami kusan kilo 180. Iskar da ta kai geji 28 tana daidai da matsin kusan kilo 2 a kan kowane murabba'in santimita. Idan aka raba wannan nauyi da wannan matsi, za a ga cewa duk abin da ke taɓa ƙasa daga tayoyin biyu bai wuce murabba'in santimita 90 zuwa 100 ba, wato kowace taya tana tsaye ne a kan wurin da bai kai faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri ake shan kwana, a kansa ake taka birki, a kansa kuma ake kauce wa akuyar da ta faɗo titi. Adadin iska shi ne ke yanke girmansa da siffarsa.

Abu na biyu shi ne siffar tayar babur. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, tana zaune daram a ƙasa, kuma mota ba ta kwantawa idan za ta juya. Tayar babur kuwa an yi bayanta a lanƙwashe kamar bayan ƙwarya, saboda babur da kwanciya yake shan kwana, yana mirginawa daga tsakiyar taya zuwa gefenta. Iska ce ke riƙe da wannan lanƙwasa. Idan ta yi ƙaranci, ƙasan tayar yana bajewa ya yi faɗi, sai ya zama mahayi yana ƙoƙarin mirgina abin da ba shi da zagaye, shi ya sa kai yake nauyi. Idan an samu ya kwanta, wurin da ke taɓa ƙasa yana komawa can ɓangaren ciki, ya riƙa jan kan babur zuwa cikin kwanar, mahayi kuma ya riƙa tura shi baya da hannu ba tare da ya san yana yi ba. Wannan shi ne ainihin abin da na ji a shataletalen nan. Idan ta baya ce ta yi ƙaranci, alamar daban ce: gefen tayar yana lanƙwashewa dama da hagu a ƙarƙashin nauyi, sai mutum ya ji bayan babur yana rangaji kamar an sassauta wani noti, musamman idan da goyo ko idan an ɗan ƙara gudu.

Yawan iska kuma nasa sharrin daban ne, kuma a ganina shi ya fi yawa a tsakaninmu, domin mun saba ɗaukar tauri a matsayin lafiya. Taya mai iska fiye da ƙima tana tsayawa a kan ɗan siririn layi na tsakiyarta, ba ta iya lanƙwasawa ta rungumi tsakuwa ko ɗan tudu, sai dai ta yi tsalle a kansu, kuma duk lokacin da take sama ba ta riƙe da komai. A kan kwalta mai kyau da ta bushe mutum ba zai ji wani abu ba, hasali ma zai ji babur ya yi sauƙi yana gudu. Matsalar tana bayyana ne a inda hanyoyinmu suka fi yawa, wato kwaltar da yashi ya hau, da burji mai tsakuwa, da wurin da aka yi faci a titi ya yi tudu. Yawancin ƙananan baburan da muke hawa ba su da na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an matsa birki, saboda haka duk abin da ke tsakanin mahayi da faɗuwa shi ne yadda robar ta kama ƙasa. Na sha ganin mutum ya faɗi a kwana ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa yashi ne ya ja shi. Yashin yana da laifi, amma da za a ɗora geji a tayarsa a lokacin, ina kyautata zaton za a sami wani mai laifin.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage dai ido bai san kima ba, yatsa ma haka. Gefen tayar babur yana da ƙarfi, musamman tayoyin da aka yi domin ɗaukar kaya, saboda haka taya mai geji 18 da mai geji 28 kusan iri ɗaya suke a ido idan babu kowa a kan babur, kuma yatsa ba ya iya bambance 30 da 45, duka tauri zai ji. Na gwada wannan da wasu malamai uku a makarantarmu, na ce kowa ya danna tayar babur ɗinsa ya faɗi abin da yake zato kafin mu auna. Babu wanda ya zo kusa, kuma duka ukun iskar bayansu ta haura 40.

Ba na son in ɗora wa masu faci laifin gaba ɗaya, domin na zauna da su na ga yadda abin yake. Mai faci yana ba mutum abin da ya saba nema ne. Idan ya tsaya a 28, mai babur zai danna tayar ya ce ba ta cika ba, ya ce a ƙara, wataƙila ma ya yi zargin ana yi masa rowar iska, gobe ya koma wajen wani. Ga shi kuma injin da suke aiki da shi an tanade shi ne domin tayoyin mota da na manyan motoci, ƙaramar tayar babur kuwa cikin 'yan daƙiƙu take cika, ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta kai ta daga 25 zuwa 40. Gejin da wasunsu ke da shi na tayar tirela ne, wanda ma'auninsa ya haura 100, kuma ya sha faɗuwa a ƙasa, ya sha ƙura da rana, don haka bambancin 25 da 30 a jikinsa bai wuce kaurin allurar ba. Wasu ma ba su da shi sam, da sifana suke buga tayar su saurari ƙararta. Ganin haka ya sa na sayi geji nawa, wanda kuɗinsa bai kai na tif ɗaya mai kyau ba, na ajiye shi a cikin akwatin kayan gyara na gefen babur. Yanzu idan na je ƙarin iska nakan ce wa yaron, "Sa mini ta ɗan wuce, ni zan rage da kaina." Da farko dariya yake yi mini, daga baya ya saba, har wani lokaci yakan ari gejin ya gwada nasa da shi.

Akwai lambobi iri uku da mutum zai iya gani a jikin geji ko a takardar babur, kuma suna rikita mutane. Wanda muka fi sabawa da shi a Najeriya shi ne PSI, shi ne ake nufi idan an ce geji 25 ko 32. Akwai bar, wanda aka fi gani a gejin da ya fito daga ƙasashen Turai, kuma bar 1 daidai yake da PSI 14.5, wato bar 2 ya kama kusan 29. Akwai kuma kPa, wanda 100 ɗinsa shi ne bar 1. Wani kuskure da na ga mutane masu karatu ma suna yi shi ne ɗaukar lambar da ke rubuce a gefen taya a matsayin abin da ya kamata a sa. A tayoyin ƙananan babura da yawa za a ga 33 ko 41. Wannan lamba ta kamfanin taya ce, tana nuna iskar da tayar ke buƙata idan an ɗora mata iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Kamfanin taya bai san a kan wane babur za a sa ta ba. Wanda ya ƙera babur shi ne ya san nauyinsa da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya, don haka lambarsa ce abin bi.

Wannan ya kawo ni ga masu ɗaukar kaya, waɗanda nake haɗuwa da su kowace ranar kasuwar Giwa, babur ɗauke da buhun masara biyu, wani lokaci uku, mahayin yana zaune a kan tanki. Su kam suna da hujjar ƙara iska, domin nauyi yana buƙatarta, kuma tayar da aka bari a 28 a ƙarƙashin wannan kaya ba za ta kai gida ba. Abin da ya kamata su sani shi ne ƙarin iska ba ya ƙara wa zaren da ke cikin taya ƙarfi, idan an wuce lambar da ke gefenta an shiga wani haɗarin. Sannan idan an sauke kayan, babur ɗin da ke da 45 a baya zai dawo gida fanko yana tsalle a kan burji, kuma a dawowar ne aka fi yin gudu.

Maganar da ta fi ba ni wahalar fahimtar da mutane ita ce ta zafi. Kusan kowa ya yarda cewa idan bazara ta shigo, kwalta ta ɗauki zafi, sai a rage iska don kada taya ta fashe. A zahiri maganar tana da kama da hankali, tunda iska tana kumbura idan ta ji zafi. Amma mafi yawan zafin da ke kashe taya daga cikinta yake fitowa. Duk zagayen da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lanƙwashewa sannan ya miƙe, kuma a gudun kilomita 60 a awa tayar ƙaramin babur tana zagayawa sau takwas zuwa tara a kowace daƙiƙa. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙe ta har ta yi zafi ta karye ya san abin da ke faruwa. Idan iska ta yi ƙaranci lanƙwasawar tana ƙaruwa, zafin yana ƙaruwa, tif yana gogar cikin taya, tsohon faci yana saki, har a kai ga fashewar da aka rage iskar domin guje mata. Kamfanonin sun riga sun sa ƙarin da zafin tafiya ke kawowa a cikin lissafinsu, shi ya sa suke cewa a auna taya tana da sanyi, wato bayan babur ya yi kamar awa uku a ajiye, ko kuma da safe kafin a fita. Idan mutum ya yi tafiya ya auna ya ga 28 ta koma 31 ko 32, wannan daidai ne, kuma idan ya rage ta a lokacin, da safe zai tarar da ita ƙasa da yadda ya kamata.

Yanayin gari ma yana da nasa tasirin, ko da babur bai motsa ba. Duk sauyin digiri 10 a ma'aunin zafi yana ɗaga iskar taya ko ya sauke ta da kusan geji ɗaya da rabi. A Zariya, tsakanin asubahin watan Janairu da azahar ɗin watan Afrilu ana iya samun bambancin da ya haura digiri 20, wanda ya isa ya motsa iskar da geji 3. Wanda aka cika wa taya da tsakar rana a ƙarshen damina, yana iya wayar gari cikin hunturu da ƙarancin iska ba tare da ƙusa ta taɓa shi ba. Ina ganin wannan na cikin abin da ya same ni, ya haɗu da wani abin da zan faɗa a gaba.

Wanda yake ganin geji biyu ko uku ba wani abu ba ne, ya dubi gasar tseren babura ta duniya da ake kira MotoGP. Tun daga tsakiyar kakar 2023 ake hukunta mahayin da iskar tayarsa ta daɗe a ƙasa da abin da aka ƙayyade a cikin tsere, kuma a 2024 an sa mafi ƙarancin iskar tayar gaba a bar 1.8, wanda ya saɓa a babban tsere a ƙara masa daƙiƙa 16 a kan lokacinsa, abin da ya isa ya fitar da mutum daga sahun gaba. Injiniyoyinsu suna kwana suna lissafi a kan kashi ɗaya cikin goma na bar. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne bar 1.8 ya kama geji 26, kusan daidai da abin da aka rubuta wa tayar gaban Boxer ɗina.

Yawancin baburanmu masu tif ne, kuma tif yana rasa iska a hankali ta jikin robar kanta ko da babu huji, mai araha kuma ya fi saurin yi. Ƙarancin iska a taya mai tif yana jawo abubuwa biyu da na sha biyan kuɗinsu ban san sababinsu ba. Na farko, idan aka faɗa rami, tayar tana matsewa har bakin rim ya cije tif, ya bar huji biyu a jere, mai faci ya duba tayar ciki da waje bai ga ƙusa ba. Na biyu, taya mai laushi tana ɗan zamewa a kan rim duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi, tana jan tif tare da ita, har wata rana gindin bawul ya yage, iska ta fita gaba ɗaya a lokaci guda, wanda idan a tayar gaba ne kuma ana cikin gudu, sai dai Allah ya kiyaye. Alamar wannan tana bayyana tun da wuri: bawul ɗin da ya kamata ya tsaya a miƙe zai fara karkata. Dattijon nan ya nuna mini cewa saboda haka ne ba a so a ɗaure ɗan notin bawul tam a jikin rim, domin idan an ɗaure shi ba za a ga karkatar ba sai bayan ya yage. Tayoyin da ba su da tif, waɗanda ke zuwa da sababbin babura masu rim na alminiyam, sun fi riƙe iska, kuma idan ƙusa ta shige su a hankali suke sacewa, amma wannan alherin yana sa mutum ya yi kwanaki yana yawo da rabin iska bai sani ba, kuma rim ɗin da rami ya ɗan lanƙwasa yana zubar da iska ta gefe.

Batun mai ba sai na tsawaita ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, kuma duk wanda ya taɓa tura babur mai sacacciyar taya zuwa wajen faci ya san ƙarfin da take ci. Injin ma haka yake ji, da fetur yake biya. Taya kuma tana ba da labarin yadda aka riƙe ta: wadda ta sha ƙarancin iska gefunanta ke cinyewa, wadda ta sha yawanta kuma tsakiyarta ke suɗewa gefunan suna nan sababbi. Tayar bayana ta wancan lokaci irin ta biyun ce, na canza ta da sauran zane mai kauri a gefe wanda bai taɓa ganin ƙasa ba.

Wuri ɗaya ne na yarda a rage iska da gangan, shi ne cikin rairayi mai zurfi, irin wanda ake samu a hanyoyin ƙauye da rani ko a gindin rafin da ya ƙafe. A nan faɗin da taya ke yi yana taimaka mata ta hau kan yashi maimakon ta nutse, kuma mutanen karkara sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar da zarar an hau kwalta, abin da ba zai yiwu ba sai mutum yana da famfon ƙafa ko na hannu a tare da shi. Ni ɗan guntun rairayin da ke kan hanyata bai kai in yi wannan wahala ba, nakan sauke ƙafa in bi shi da giya ta ɗaya.

Yanzu kowace Asabar da safe, kafin rana ta taɓa babur ɗin, nakan auna tayoyin biyu in rubuta a bayan littafin da nake rubuta juyen mai. Nakan shafa ɗan yawu a bakin bawul in ga ko zai yi kumfa, in mayar da murfinsa, wanda na gane cewa ba ado ba ne, shi ke hana ƙurar hunturu shiga ta hana bawul rufewa da kyau. Rubutun nan ne ya tona asirin tayar gaba. Ta baya takan rasa geji ɗaya a mako, wani makon ma ba ta rasa komai, amma ta gaba sai da ta yi mako uku a jere tana sauka daga 25 zuwa 21. Na kai ta aka cire tif aka tsoma shi a ruwa, aka daɗe ana juyawa kafin wani ɗan siririn kumfa ya fara tasowa. Da yaron ya shafa cikin tayar da hannu, sai ya zaro tsinin ƙayar aduwa da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, wanda ga alama tun kafin hunturu yake zaune a wurin.